Santsi da Kaushi

A tsakiyar damina, idan an kwana ana tafka ruwa, gaisuwar safe a Bacirawa takan zo da jela. A ce "ya ruwa?", a amsa "ruwa ya yi gyara", sannan a biyo da gargaɗi: a bi a hankali, akwai santsi. Mai babur yana gaya wa ɗan'uwansa kada ya kuskura ya bi ta bakin kududdufi. Tsohuwa tana zaune a soro tana daka wa jikarta mai tallan koko tsawa ta dubi inda take sa ƙafa. Ban taɓa jin babban mutum ya faɗi kalmar nan da fara'a ba.

Danginta ma duk haka suke, ba su da farin jini. Wanda aka zo rabon aikin gayya aka neme shi sama da ƙasa aka rasa, an ce ya zame jiki, ko ya sulale. Kuɗin da aka ɓoye don sayen taki sukan zurare ba a san ta inda suka bi ba. Sirri yakan suɓuce daga baki, igiyar akuya ta kuɓuce daga hannu, wanda ake bi bashi ya yi ta zillewa. Malaman wa'azi idan sun zo kwatanta siraɗi, bayan sirantarsa da kaifinsa sai su ambaci santsinsa, kuma a nan ne majalisi yake yin tsit. Duk inda Hausa ta ajiye ɗaya daga kalmomin nan, za ka tarar akwai abin da ya kamata ya tsaya bai tsaya ba, ko wanda ya kamata ya riƙe bai riƙe ba.

Akwai maƙwabciyarsu, sulɓi, wadda ta fi su samun shiga. Ana yabon fata mai sulɓi, da daɓen da ya sha makuba har ya yi sulɓi, da ƙwaryar da aka kankare cikinta tas. A ganina bambancin ba a jikin abin yake ba, yana ga gaɓar da ta taɓa shi. Abin da tafin hannu ya shafa ya ji daɗi, sulɓi ne. In tafin ƙafa ya taka shi ba shiri, ya koma santsi. Daɓe ɗaya ne, uwargida ta yaba shi da hantsi, da magariba kuma ta tsine masa saboda wani ya zubar da ruwan wanke-wanke a kai.

Wuri ɗaya na sani da manya suke yi wa zamiya guɗa, shi ne gaban sarki ranar hawa. Mahayi ya sako doki a guje, ya zo daf, ya ja linzami, dokin ya tanƙwashe ƙafafun baya ya zame, ƙura ta turnuƙe, a jinjina. To amma ko a nan, in ka lura, tsayawar ake yabawa. Zamiyar shaida ce kawai cewa gudun na gaske ne, kuma hannun da ke riƙe da linzamin ya fi gudun ƙarfi.

Yara ba su shiga wannan yarjejeniya ba. Abin da manya ke kauce wa, su nemansa suke, in ba su samu ba su ƙera shi da hannunsu. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da Kano ya san yadda ake yi. Kududdufi dai rami ne da aka haƙi ƙasa a ciki aka buga tubali aka gina gidaje, don haka kusan kowace unguwa tana zaune ne kusa da ramin da ta fito daga cikinsa. Ruwa na sauka ramin ya cika. Sai yara su zagaya su zaɓi gaɓar da ta fi gangare, su ciccire tsakuwa da ƙaya, su yi ta kwaso ruwa da tsohon kwano suna watsawa suna gogewa, har hanya ta fito a jikin laka tana ƙyalli. Daga nan a yi layi. Ka zauna, ka ɗaga ƙafafu, na bayanka ya ingiza ka, ka tafi suuu, ka faɗa tsundum. Wando ya tashi daga aiki ke nan, kuma kowa ya san bulalar da ke jiransa a gida. Ba ta taɓa rage layin gobe ba.

Abin ya girmi kududdufi. Bernard Fagg, Baturen da ya yi aikin kayan tarihi a Jos, wanda sunansa ya fi fita ta dalilin sassaƙe-sassaƙen Nok, ya yi rubutu a mujallar Man a 1957 kan abubuwa biyu da ya riƙa cin karo da su a duwatsun arewacin Najeriya: duwatsun da ake bugawa su ba da amo, irin na Birnin Kudu, da kuma wasu hanyoyi a gangaren dutse da suka goge suka yi sulɓi saboda zamiya. Ba wanda ya sa guduma ya sassaƙa waɗannan hanyoyi. Masu zamiyar ne suka cinye dutsen kaɗan-kaɗan, zuriya bayan zuriya. Bacirawa ba ta da irin wannan dutse, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai rairayi, sai ɗorawa da tsamiya da gawo a tsakiyar gonaki. Gangaren da 'ya'yanta suka gada shi ne wanda magina suka bari.

Ba zan yi wa kududdufi kirarin da bai cancanta ba. Da wuya damina ta wuce a Kano ba a ji sanarwar yaron da aka tsamo ba, domin ramin da aka haƙa don ƙasa ba a haƙa shi daidai ba: nan ruwa iya gwiwa, taku biyu gaba ya shanye babban mutum. Ga kuma tsargiya, fitsarin jinin da a da wasu ke ɗauka alamar balaga ce. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar da ke kawo ta a Alƙahira a 1851. Mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shige jikin ƙananan dodon koɗi su yi yawa, su fito su huda fatar duk wanda ya tsoma jiki. Ba sai ka sha ruwan ba. Ƙwayar praziquantel da ake raba wa 'yan makaranta tana kashe ta, amma ba ta hana a sake kwasowa washegari. Kududdufan da suka rage yanzu ma sun fi na da ƙazanta, don birni ya iso Bacirawa, ya haɗe ta da Kurna da Rijiyar Lemo, an cike wasu da shara an yanka filaye, saura kuma sun zama matattarar leda da ruwan kwata.

A wannan hali ne wani yayana, ɗan wan mahaifina, ya shiga wata hidima da mutane suka yi ta yi masa dariya a kai. Yaya ya taɓa kiwon tarwaɗa a wasu kwamaye biyu na siminti da ya gina a kangon da ke bayan katangarsa. (Shi ma kango yake cewa. Ba Bahaushen da zai buɗe baki ya ce 'ya'yansa suna ninƙaya a bayan gida.) Da abincin kifi ya yi tashin gwauron zabo sai ya haƙura da kiwon, kwamayen suka zauna wayam, ga rijiyar burtsatse da injin sola suna nan ba aikin kirki. Da bazara ta matsa, ya wanke ɗaya ya cika wa yara. Suka yi murna, suka yi wanka, suka koyi kurme. Damina na faɗuwa kuma suka ci gaba da sulalewa zuwa kududdufi. Da ya matsa wa ƙaraminsu da tambaya, amsar ba ta da tsawo: "Abba, kwamin ba shi da wajen zamiya."

Wannan amsar ce ta kai Yaya Ƙofar Ruwa, wajen 'yan gwangwan. Akwai abin da ya dace da wannan yanki a cikin hakan. Binciken da Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka fitar a 1965 daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a gundumar Ungogo aka yi shi, wato ƙasar da Bacirawa take ciki, kuma abin da ya ja hankalin masana a kanta shi ne yadda jama'a masu yawan gaske suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Sirrin bai wuce taki ba: jakuna su shiga birni da itace da amfanin gona, su komo da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi. Abin da birni ya yar, ƙauye ya ɗauko ya mayar da shi hatsi. Jikan mai jakin ne yau yake shiga birni da a-kori-kura ya ɗauko tsohon ƙarfe.

Yaya ya sami wani abin zamiya na ƙarfe, mai tsani da falanki, a kwance a cikin tulin gadajen ƙarfe da tsofaffin ƙyamare. Mai kayan ya ce daga wata makarantar kuɗi ta ƙananan yara da aka rufe aka kwaso shi, kuma lilo ya kira shi, don a bakin mutanen kasuwa duk ƙarfen da yara ke wasa a kai lilo ne, ko yana lilawa ko ba ya yi. Da Yaya ya fara nuna masa ɓula da tsatsa don a rage, sai mutumin ya ce, "Alhaji, mu fa nauyi muke sayarwa, ba kyau ba." Aka ɗora a sikeli. Shi yana lissafin kilo nawa za a narkar, Yaya yana shafa tsakiyar falankin da tafin hannu.

Na ga abin ranar da aka sauke shi, kuma na yarda da masu dariya. Ƙafafunsa huɗu duk sun ruɓe daga daidai inda aka taɓa binne su, don tsatsa ta fi cin ƙarfe a wurin da danshi da iska suke haɗuwa. Matakala biyu na tsanin sun ɓurme. In ka kankare fenti da farce za ka ga shekarun makarantar a jere: kore a sama, ƙarƙashinsa shuɗi, ƙarƙashinsa ruwan ɗorawa, can ƙasa ja. Kusa da bakin falankin akwai ɓula mai kaifin gefe da za ta iya yanka cinya har ƙashi. Amma tsakiyar falankin, daga sama har kusa da ɓular, wata hanya ce fara sol mai faɗin zaman yaro, ba tsatsa ko ɗigo. Wanduna da siket na 'yan makarantar da ba wanda ya san inda suke yanzu, su suka yi wannan aiki.

Gyara kalma ce mai faɗin ciki. Mai kura in ya taho da buhuna a Dawanau, "gyara!" yake cewa, wato matsa. Mai awo in ta gama auna maka gero ta ƙara ɗan tafi, gyara ce. Liman yakan yi gyaran murya, baƙo ya gyara zama, ruwan sama ma mun ce ya yi gyara. A duk waɗannan ba abin da ya karye balle a ɗora. Abu ne ake mayarwa inda ya dace da shi, ko a ba shi gwargwadon da ya kamata. Wanda ya rufe aibu da fenti don ido, wannan kwaskwarima ya yi. Wanda ya zo da zafin hannu ya ɓata abin da ya tarar da sauran rai, mun ce ya yi gyaran gangar Auzinawa. Abin da ke gaban Yaya yana iya faɗawa ko wanne cikin ukun, kuma sa'ar da ya ci ita ce ta mai walda.

Saurayi ne da bai kai talatin ba, yana da rumfa a bakin titin Katsina, Yaya yana ce masa Injiniya, shi kuma yana ce wa Yaya Baba. Bai fara da wuta ba. Ƙaramar guduma ya ɗauka yana bin ƙarfen yana ƙwanƙwasawa yana sauraro: inda ya ce ƙal, da rai; inda ya ce ɓus, ya shata da alli. Ya yanke ƙafafun daga sama da alamar, ya zura sabon fayif a cikin tsohon ya like, don kada nauyi ya tsaya a kan walda kaɗai. Da ya zo kan ɓular bai yi mata faci ba. Ya yanke bakin falankin gaba ɗaya ya kawo sabon yanki, ya sa shi a ƙarƙashin tsohon yadda na sama zai hau kan na ƙasa, kamar dai jerin kwanon rufi, don mai gangarowa ya sauka daga gefe ba ya ci karo da shi ba. Falankin irin mai rufin zin ne, yana sa masa wuta farin hayaƙi ya tashi. Yaran walda sukan bi irin wannan aiki da madarar gwangwani, wai tana wanke ƙirji. Abin da ke kare ƙirji dai shi ne a yi aikin a fili, iska tana bayanka.

Inda ya burge ni shi ne bayan ya gama goge waldar da giranda. Da ido ba ka ganin komai, da hannu ma lafiya lau. Sai ya aika a karɓo masa tsohon ɗankwali daga cikin gida, irin mai laushin nan da ƙaiƙayi ma yakan kama. Ya shimfiɗa shi a saman falankin ya riƙa jansa a hankali zuwa ƙasa. Wuri biyu zare ya maƙale. Ya sa alli, ya koma da sanfefa, ya sake ja, har ɗankwalin ya sauka da kansa ba a ja shi ba. Ya bi gefunan ma haka, inda yaro ke riƙewa da hannu, don a nan ne kan kusa ko tsinin walda yake ɓuya.

Rigimarsu ɗaya, a kan fenti. Yaya ya sayo jan fentin hana tsatsa da kuma shuɗi mai ƙyalli, yana so a shafe ko'ina abin ya fito sabo ful, ya rufe bakin masu dariya. Injiniya ya shafa wa ƙafafu da tsani da bayan falanki, ya ajiye buroshi. "Baba, in ka shafa wa cikin nan fenti ka kashe shi. Fenti yana kama fata, in ya jiƙe ya sha rana kuma ya ɓamɓare ya zama reza. Wannan farin da kake gani, shi ka saya." Yaya ya ce ai zai yi kama da tsoho. Ya ce, "To ai tsoho ne, Baba."

Da ya juyo kan tsanin kuma sai ya zama wani mutum daban. Shi da ya wuni yana farautar duk abin da zai kama zare, yanzu ya shiga ɗiɗɗiga walda a kan kowace matakala, layi-layi, da gangan. Bai tsaya nan ba, ya barbaɗa rairayin da aka tankaɗe a kan ɗanyen fentin, ya bari ya bushe, ya sake shafa wani a kai. Kaushi yake nema. Ita ma kalma ce da ba ta da masoya. Muna cewa kaushin hali, muna cewa ya kausasa harshe, mata suna yaƙi da kaushin ƙafa da dutsen goge kaushi da man kaɗanya. Amma jiƙaƙƙen yaro da zai hau tsanin ƙarfe, ruwa na ɗiga daga jikinsa, na bayansa yana azalzalarsa, ba abin da ke tsakaninsa da karaya sai wannan kaushi. A jikin ƙarfe ɗaya, tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, akwai inda santsi ni'ima ne da inda shi ne masifa, kuma duk aikin saurayin nan bai wuce raba musu gida ba. Hausa ta yi gaskiya da take tsoron santsi, sai dai wanda take tsoro shi ne wanda ya zo maka ba da saninka ba, a inda ka sa ran riƙo. Na kan falanki kai ka hau tsani ka je wurinsa, ka gyara zama, ka dubi ƙasa, sannan ka saki hannu da kanka.

Kafawa ta fi gyaran cin rai, don ita haƙuri take so. An haƙa rami huɗu, kowanne wajen rabin mita, aka like guntun rodi a gindin kowace ƙafa a gicciye don kankare ya sami abin kamawa, aka zuba. Siminti ba bushewa yake yi ba, kamawa yake, kuma sai yana shan ruwa yake kamawa da kyau. Cikakken ƙarfinsa ma sai bayan kwana 28. Ka je ka yi wa yaro ɗan shekara bakwai wannan bayani, alhali ga abin a tsaye yana ƙyalli. Sai da aka ɗaure ƙaya a bakin tsanin.

Kafin a haƙa ramukan an sha muhawara kan inda zai fuskanta. Wani ya ce a juya shi arewa don kada rana ta dake shi. Wannan dabarar mutanen ƙasashen sanyi ce, inda rana ke ratsowa ta gefe. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, wajen ƙarshen Afrilu rana takan tsaya cak a kan kai, zafi ya haura digiri 40, kuma a lokacin ne aka fi son ruwan. Falankin ƙarfe a irin wannan rana yana iya sale fatar yaro kafin ya kai ƙasa, ko ina ka juya shi. Magani biyu ne: inuwa da ruwa. Aka matsar da shi gefen da darbejiya take rufewa daga azahar, aka jawo siririyar tiyo daga tanki aka ɗaure a samansa tana tsiyaya. Ruwan yana sanyaya ƙarfen, yana kuma shiga tsakaninsa da fata, don busasshen falanki ba ya tafiya da jiƙaƙƙen jiki, kamewa yake yi ya yi ƙara.

Sai maganar da ba ta wasa ba ce, zurfi. An gina kwamin ne don tarwaɗa, zurfinsa mita ɗaya, ruwan bai ma kai baki ba. Mutanen da suka riga mu ajiye irin wannan abu a gidajensu sun biya kuɗin karatun da tsada: a Amurka sai da hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi ta kafa masa ƙa'ida ta musamman a 1976, saboda mutanen da suka gangaro da ka, suka daki ƙasan ruwa, wuya ya karye, jiki ya shanye. Injiniya bai san da wannan ƙa'ida ba, amma ya san inda nauyi yake zuwa in an sake shi. Ya rage wa abin tsawo, ya lanƙwasa bakin falankin ya kwanta, don yaro ya fita gaba a kan ruwa maimakon ya soka ƙasa. Yaya ya kafa nasa dokokin: a zaune, ƙafa a gaba, ba a kifa ciki, ba a sauka sai na ƙasa ya matsa, manyan samari ba su ciki. Ya sa wa kangon ƙyaure da kwaɗo, kuma ba a buɗewa sai da babba a zaune a bakin kwamin, ba waya a hannunsa. Ƙaramin yaro ba ya ihu in yana nutsewa, kuma ruwan da bai kai ƙugun babba ba ya ishe shi.

Ihun da ake ji a kangon na wani abu ne daban. Yaron da ya fi kowa kunya, wanda ba ya iya haɗa ido da baƙo, yana sakin hannu sai ka ji wata ƙara ta kuɓuce masa da bai san yana da ita ba, wani ma ya kira sunan uwarsa gatsal. Santi da santsi kalmomi biyu ne daban, amma kunne yana son haɗa su, kuma a nan na ga dalili. Wanda daɗin miya ya sa ya faɗi shirme ba a ce ya yi laifi, dariya ake yi masa, don kowa ya san daɗi ne ya kwance masa linzamin baki na ɗan lokaci.

Santsin da ba a gayyata ba shi ma bai yi fushi ba, ya zo. Ruwa in ya kwana biyu a rana, gansakuka takan shimfiɗu a ƙasan kwamin da matakalarsa, kore shar, kuma ita ce ta fara kayar da mutum a gidan, ba falankin ba. Dole duk mako a zuƙe ruwan a sa tsintsiyar kwakwa da buroshi a goge, wanda kuma ya zo daidai da lissafin sauro, don cikin zafi kwana goma sun ishi ƙwansa ya zama mai cizo. Kwamin mita 4 ne a tsawo, 3 a faɗi, in ya cika lita 12,000 ke nan, jarka 480 ta 'yan garuwa mai cin lita 25. A unguwar da yara ke bin layin famfo tun asuba, wannan adadi yana da nauyi a zuciya, kuma ban ga amfanin ɓoye hakan ba. Abin da ya sassauta shi a wurina shi ne ruwan ba kwata yake bi ba. An yi masa hanya zuwa ɗan lambun da ke gefe, alayyafo da zogale da tumatir suna sha, kuma tun kafin wannan hidima akwai kan famfo a wajen katanga da maƙwabta ke ɗiba kyauta.

Kududdufi dai ba shi da ƙyaure, kangon Yaya kuwa yana da shi, kuma yaran unguwa sun fi kowa sanin bambancin. Sukan taru a ƙofar gida da la'asar suna aika sallama, a shigar da su rukuni-rukuni, wanda iyayensa ba su sani ba a mayar da shi. Wasu sun daina zuwa kududdufi, wasu suna haɗa biyun, don sun ce na laka ya fi tsawo kuma ba a ƙirga maka sau nawa. Waɗanda suka ci riba tsantsa su ne 'yan mata. A bakin kududdufi yarinya tana fara tasawa ake janye ta, a bar ta da kallo daga nesa da tulu a ka. A bayan katanga an ware musu ranakunsu. Akwai ma raɗe-raɗin cewa ranar Juma'a, idan maza sun tafi masallaci, akan jiyo dariyar da ba ta yara ba daga kangon. Matar Yaya ta ce sharrin maƙwabta ne.

Labari ya kai Rijiyar Zaki, wani mai hali ya aiko a ƙera masa irin abin zamiyar Yaya sabo. Injiniya ya sayo falanki a kasuwa ya lanƙwasa, ya goge, ya ja ɗankwali, komai daidai. Amma falankin yanzu bai kai na da kauri ba, yana lotsawa a ƙarƙashin yaro mai jiki, kuma duk ruwan da aka sakar masa tafiyarsa ba ta kai ta tsohon ba. Mai shi ya yi ƙorafi. Da aka sake kawo wa Injiniya wani aikin irin wannan, sai ya ce a ba shi lokaci ya koma Ƙofar Ruwa ya duba ko akwai wani tsohon. Akwai, har guda biyu, an jingine su daban a jikin bango an kakkaɓe musu ƙura. Ya ce a ɗora a sikeli. Mai kayan ya ce waɗannan ba na kilo ba ne, kuɗin kowanne daban.